Lasisi ya fito: ina ya kamata sabuwar nas ta fara aiki a Katsina?

Wata ranar Asabar bayan la'asar ɗiyar wana ta shigo gidana, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce, "Gwaggo, kaina ya ɗaure." Ta gama makarantar jinya, ta ci jarrabawar majalisar ma'aikatan jinya, rajistarta ta fito. Wani mai asibitin kuɗi ya aiko ta fara ranar Litinin. Ƙawarta ta turo mata sanarwar wata ƙungiyar agaji ta WhatsApp. Babanta ya ce ta zauna ta jira gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki, ita kuwa ranta yana Saudiyya. Muna cikin magana aka kira magariba, muka yi sallah muka ɗora. Abin da na faɗa mata shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba. Da "ke" zan yi magana tunda da ita na fara, amma ƙannena maza da ke wannan aiki, har da ku nake.

Na haura shekara 20 ina aikin jinya, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba: shekara 2 na farko ba na tara kuɗi ba ne, na gyaran hannu ne. Makaranta ta cika miki kai, amma hannu a gefen gadon majinyaci ake samunsa. Duk wurin da za ki zaɓa, da wannan za ki fara auna shi.

Abubuwan da za ki auna

Na farko, wa zai tsaya a kanki? Akwai daren da jijiyar jariri za ta ɓace miki, kin soka sau 2 uwar tana kallonki. Akwai ranar da mai jego za ta fara zubar da jini bayan kowa ya ce barka. Akwai ranar da likita zai rubuta adadin magani, idonki ya ga kamar ya yi yawa, bakinki ya kasa faɗa. A irin waɗannan lokuta ba girman gini ke cetonki ba, sai wata babbar sista da za ki waiwaya ki ce, "Anti, zo ki duba mini." Wurin da babu irin wannan mutum, ko nawa ake biya, sabuwar nas ba ta da abin yi a can.

Na biyu, takarda. Shekarun da za ki yi a wurin, za su ƙirgu? A aikin gwamnati ana ba ki takardar ɗauka, bayan shekara 2 a tabbatar da ke, daga nan ƙofar ƙarin girma da hutun ƙaro karatu ta buɗe. A wasu wuraren kuwa sai ki shekara 3 kina aikin dare, ranar da kika nemi shaidar aiki a ce mai asibitin ya yi tafiya. Kada ki raina wannan. A watan Fabrairun 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ta fitar da ƙa'idar cewa wanda ke son a tantance takardunsa don aiki a waje sai ya yi shekara 2 yana aiki bayan samun lasisi. An yi ta zanga-zanga a kan haka, amma darasin ya zauna: aikin da ba a rubuta ba, a idon hukuma ba a yi shi ba.

Na uku, kuɗi, kuma ba abin da aka faɗa da baki nake nufi ba. Ki ɗauki biro ki cire kuɗin Napep na zuwa da dawowa na wata guda, ki cire haya idan ba gida za ki zauna ba, ki cire abincin daren aiki, da farin kaya da takalmi, da abin da za ki riƙa ajiyewa don sabunta lasisi duk shekara 3 da kwasa-kwasan dole da ake yi kafin sabuntawar. Abin da ya rage shi ne albashinki. Ki kuma riƙe a ranki cewa tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 70,000 ne. Wannan na ma'aikacin da bai yi karatun komai ba ne, ba na mai lasisi ba.

Na huɗu, sauƙin shiga. Wani wurin gobe za ki fara, wani kuwa sai kin shekara kina bibiya.

Na biyar, haɗari, kuma kashi 3 ne: na jiki, na lasisi, na hanya. Na jiki kowa ya san shi: sukar allura, ciwon hanta, tarin fuka, sanƙarau lokacin zafi, amai da gudawa da damina, ga mashaƙo da ya addabi Arewa a 2023. Na lasisi shi ne a sa ki yin aikin da ba naki ba, idan ya ɓaci a ce ai ke kika yi. Na hanya kuwa, ɗan Katsina ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Akwai kuma maganar gida, wadda ba ta shiga jadawali amma ita ke karya shiri da yawa. Idan akwai aure a gaba, a yi maganar aikin dare da canjin wurin aiki tun kafin a sa rana, a gaban manya. Na ga 'yan mata masu hannu mai kyau sun ajiye aiki cikin wata 6 saboda an bar wannan magana sai bayan biki.

Asibitin tarayya

A nan birni muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu bakin mutane bai daina kiransa Medikal Santa ba. Akwai kuma cibiyar masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Babbar Ruga, inda mai son aikin mata za ta ga abin da doguwar naƙuda ke haifarwa da idonta. A Daura akwai asibitin sojan sama da aka buɗe a 2019, amma shi hanyar shigarsa daban ce.

Ta fuskar koyo, nan ne kan gaba. Akwai manyan likitoci da masu neman ƙwarewa, ana zagayen majinyata ana bayani, akwai sassan da ba za ki gani a ƙananan asibitoci ba, irin su ɗakin kulawa ta musamman da wankin ƙoda da ɗakin jarirai bakwaini. Ana rubuta komai, ana miƙa aiki hannu da hannu, kuma idan kika yi kuskure akwai wanda zai gani tun bai yi nisa ba. Albashi a kan CONHESS yake, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnatin tarayya, da alawus na aikin dare da na haɗari, ga fansho na karo-karo inda ake cire kashi 8 daga albashinki gwamnati ta ɗora kashi 10, ga inshorar lafiya. Duk cikin aikin da ake samu a gida, shi ya fi ɗorewa.

Matsalarsa shiga. Ba kullum ake buɗe ɗauka ba, idan an buɗe kuma ba 'yan Katsina kaɗai ke nema ba, ƙasa ce gaba ɗaya. Wannan ƙunci shi ya haifar da 'yan damfara masu cewa suna da gurbi a hannu, a kawo kaza. Ɗiyata, kada ki bari a sayar da gona ko akuyar Inna saboda wani ya nuna miki hoton takarda a waya. Idan ba sanarwar asibitin da kansa kika gani ba, ki ɗauka babu. Mai digiri tana da wata ƙofa da mai difloma ba ta da ita, wato shekarar horon aiki da ake yi kafin bautar ƙasa. Wadda ta samu yin ta a irin wannan asibiti ta riƙe ta da hannu biyu, ko da ba za a riƙe ta bayan nan ba.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: a babban asibiti ƙaramar nas tana iya daɗewa tana awon jini da zafin jiki da gyaran gado, manyan ayyuka suna hannun na gaba da ita da likitoci masu koyo. Wadda ba ta da naci sai ta shekara a sashe ɗaya ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Sai kin riƙa matsawa kusa kina cewa a ba ki ki gwada.

Asibitocin jiha

A nan mafi yawanmu muka zama abin da muka zama, don haka zan ɗan daɗe a kai. Hukumar kula da asibitoci ta jiha ita ke ɗauka, ita ke turawa. Cikin birni akwai Janar, akwai asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, akwai na ƙwararru na Janar Amadi Rimi a Batagarawa. A waje akwai manyan asibitoci a Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-Ma, Kankiya da sauransu.

Malamin da ke koyarwa a nan shi ne yawan jama'a. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kankama, abin da za ki gani a ɗakin yara cikin sati ɗaya ya fi abin da kika karanta a zango guda: yaro mai jijjiga, yaro da jininsa ya ƙare tafin hannu fari fat, yaro da aka kawo bayan an gama zagaye da shi wurin masu magani. Za ki koyi sa ƙarin ruwa da hasken tocilan. Za ki koyi gane wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba tun daga bakin ƙofa. Za ki koyi yi wa dattijo bayanin cewa matarsa na buƙatar tiyata ta yadda zai sa hannu ba tare da ya ji an ci masa fuska ba, kuma wannan darasi babu shi a kowane littafi. Tsofaffin sistocinmu suna da faɗa, gaskiya ne, amma wadda ta jure faɗansu wata 6 hannunta ya faɗa.

Kuɗin bai kai na tarayya ba, shi ya sa kullum ake samun masu ƙaura daga nan zuwa can. Amma aiki ne na dindindin, shekarunki suna ƙirguwa, kuma bayan an tabbatar da ke kina iya neman hutu ki ƙaro karatu albashinki na tafiya. Hanyoyin ƙwarewa ba su da nisa da mu: ungozoma ga wadda ba ta haɗa ba, jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ido a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a Barnawa, ga Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da ke da darussa iri-iri. Shiga ma ya fi na tarayya sauƙi ga 'yar jiha mai takardar shaidar ƙaramar hukuma, musamman wadda ta fito daga makarantun jihar, na Katsina ko na ungozoma da ke Malumfashi, sai dai shi ma jiran buɗewa ake.

Haɗarinsa biyu. Na farko, sabo da gajeriyar hanya. Inda nas ɗaya ke riƙe da gadaje masu yawa da dare, za ki ga ana tsallake wanke hannu, ana rubuta awon da ba a yi ba, ana mayar da murfin allura da hannu biyu. Idan kika ɗauki wannan a shekarar farko, da shi za ki yi ritaya. Ki zaɓi sista ɗaya wadda kika ga ba ta ha'inci, ki manne mata.

Na biyu, turawa. Ƙananan hukumomi 34 gare mu, kuma takardar ɗauka ba ta yi miki alkawarin birni ba. Bambanci ne babba tsakanin a tura ki shiyyar Daura, su Mai'aduwa, Zango, Baure, Sandamu, da a tura ki yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa. Ba ina cewa a guje wa mutanen can ba. 'Yan'uwanmu ne, kuma sun fi kowa buƙatar mai jinya. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna matan da ke naƙuda a garuruwan da ba a iya fita da dare. Amma kafin ki karɓa ki tambayi waɗanda ke aiki a can yanzu, ba wanda ya baro shekara 3 da suka wuce ba: akwai gidan ma'aikata cikin asibiti? Wace hanya ake bi, kuma da ƙarfe nawa ake daina binta? Mutum nawa ke kwana a bakin aiki? Yanayin yakan lafa ya kuma tashi, don haka labarin bara ba ya aiki bana.

Asibitin mazaɓa

Jihar nan tana da mazaɓu 361, kuma gwamnati na ƙoƙarin ganin kowace tana da ƙaramin asibiti mai aiki a ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko. Aikin shi ne awon ciki, rigakafi, haihuwar da ba ta zo da gardama ba, zazzaɓi, tamowa. Rayuwa da araha, mutanen gari za su girmama ki, har ƙwai da fura za a riƙa aiko miki. Sai dai yawancin ma'aikatan wurin jami'an lafiyar al'umma ne, ke mai lasisin jinya daga zuwanki za a ce ke ce babba. Wannan girman shi ne haɗarin. Wadda ba ta taɓa ganin zubar jini bayan haihuwa a hannun gwani ba, bai kamata ta fara ganinsa ita kaɗai ba, asibitin da za a tura mai jegon yana nesa, mota kuma sai an nema. Wuri ne mai albarka ga wadda ta riga ta yi shekara 2 a babban asibiti. Ga sabuwa fil, sai idan akwai tsohuwar ungozoma da za ta zauna a ƙarƙashinta.

Asibitin kuɗi

Shi ne mai buɗaɗɗiyar ƙofa, kuma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai masu tsari, da likita a kowane lokaci da babbar sista mai kula da ma'aikata. Akwai kuma shago da gadaje.

A irin na biyun na fara, wata 7. Wani dare aka kawo mini mai ciki wata tara tana jijjiga, idanu sun juye. Ni kaɗai ce mai lasisi a ginin, sai wata yarinya da aka koya wa allura a nan. Na buɗe kabad babu maganin da ake tsayar da jijjigar, likita yana gidansa, sai maigadi aka tura a kan keke. Kafin ya zo na sa an nemo mota muka wuce babban asibiti. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Har yau idan na tuna da daren nan sai na ji nauyi a ƙirjina, kuma shi ya sa nake nacewa a kan tambayar nan ta wa zai tsaya a kanki.

Albashi a nan yadda mai wuri ya ga dama ne. Akwai masu biya da kyau a kan lokaci, akwai masu ba mai lasisi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, su ce ai koyo take. Fansho da hutun haihuwa sai wanda Allah ya sa ya ji tsoronsa. Idan za ki shiga, ki nemi abu 4 kafin ki sa farin kaya: takardar ɗauka mai ɗauke da albashi da awannin aiki, shaidar cewa asibitin yana da rajista da ma'aikatar lafiya, sunan likitan da ke kwana, da ganin kabad ɗin magungunan gaggawa da idonki. Kada ki bar asalin lasisinki a hannun kowa, hoto ya isa. Kada kuma ki yarda a rataya shi a bangon wani kemis ko wani wuri da ba kya aiki don a riƙa ba ki wani abu a wata. Ranar da aka kashe wani a wurin, sunanki za a karanta.

Wannan gargaɗin ya shafi aikin sa-kai a asibitin gwamnati ma, wanda matasa ke yi da fatan idan an tashi ɗauka a tuna da su. Yana gyara hannu, ban musa ba. Amma ki sa masa wa'adi, ki karɓi takarda daga shugaban ma'aikatan jinya, don na san waɗanda suka shekara 4 a haka.

Ƙungiyoyin agaji

Tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin tamowa a Katsina, kuma duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri da damina ya ga layin iyaye mata da goyo. Akwai wasu ƙungiyoyin ma a ƙananan hukumomi. Ta fuskar tsari, ban ga inda ya kai su ba. Komai da ƙa'idarsa a rubuce: yadda ake ba yaro mai tamowa madarar magani ta farko, F-75, kafin a kai ga ta gaba, F-100, dalilin da ya sa ba a yi masa ƙarin ruwa da gaggawa kamar sauran yara, awa nawa ake duba sukarin jininsa. Kayan aiki ba sa yankewa, ana horarwa, ana bibiyar aikinki. Kuɗin yakan fi na jiha, kuma yana zuwa ranar da aka ce. Shiga ta jarrabawa ce da ganawa, ba a biyan ko kwabo, sai dai sau da yawa suna son wadda ta taɓa aiki.

Rauninsa ɗorewa. Kwantiragi ne na watanni, ana ƙara ma'aikata lokacin da tamowa ta yi yawa, kafin kaka ta shigo, a rage idan ta lafa. A 2025 da Amurka ta janye mafi yawan tallafin da take bayarwa, ayyukan agaji da dama a Najeriya sun rage ma'aikata, wasu sun rufe. Wadda ta saba da wannan albashi ta ɗauki haya mai tsada da adashi mai nauyi, ranar da kwantiragi ya ƙare sai ta rasa tudun dafawa. Sannan fannin ƙunci gare shi: za ki zama gwanar yara masu tamowa, amma ki manta jinyar babba da aka yi wa tiyata. Ga nauyin zuciya. Ganin yara suna rasuwa a jere cikin sati guda ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar shekara 22, kuma duk wadda za ta shiga ta tanadi wanda za ta riƙa yi wa magana idan ta dawo gida.

Ƙasar waje

Wannan ba wurin farawa ba ne, wurin zuwa ne daga baya, don haka a taƙaice. Saudiyya ta fi jan hankalin 'yan'uwanmu saboda addini da sutura da kusanci da Harami. Ana tantance takardu ta kamfanin DataFlow, a yi jarrabawar neman lasisinsu da ake kira Prometric, kuma asibitocinsu kan nemi shaidar shekarun aiki. Ingila tana son Turanci: maki 7 a jarrabawar IELTS, ana karɓar 6.5 a rubutu, ko kuma OET, wato jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, sannan jarrabawar kwamfuta da ake yi a nan da ta gwajin aiki da ake yi a can. Kuɗin majalisar jinya ta Ingila da na waɗannan jarrabawa biyu kaɗai ya haura fam 1,000, ban da na Turanci da biza da jirgi. Najeriya tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zo ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu, don haka asibitocin Ingila ba su da izinin zuwa neman ki, ke ce za ki nema da kanki. Duk dillalin da ya ce gwamnatin can ce ta aiko shi, ƙarya yake. A 2023 an gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, abin ya shafi ɗaruruwan 'yan Najeriya, har da waɗanda suka riga suka fara aiki a can.

Ga su a jere

| Wuri | Koyo | Kuɗi | Ɗorewa | Shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tarayya | Mai zurfi, da masu dubawa | Ya fi na jiha | Har ritaya | Da wuya ƙwarai | 'Yan damfarar gurbi, daɗewa a sashe ɗaya |
| Jiha | Mai faɗi, hannu na saurin faɗawa | Matsakaici | Har ritaya | Sai an buɗe | Turawa nesa, sabo da gajeriyar hanya |
| Mazaɓa | Kaɗan idan babu babba | Ƙasa, amma rayuwa da araha | Mai kyau | Da ɗan sauƙi | Zama ke kaɗai, nisan asibitin turawa |
| Asibitin kuɗi | Ya danganta da mai wuri | Ba tabbas | Rauni | Nan take | Lasisi, rashin takarda |
| Ƙungiyar agaji | Mai tsari, fanni ɗaya | Mai kyau, a kan lokaci | Watanni | Jarrabawa | Ƙarewar kwantiragi, nauyin zuciya |
| Waje | Sai mai hannu | Mafi yawa | Gwargwadon biza | Kuɗi da shekaru | Dillalai, kewar gida |

Wa ya dace da wanne

Idan gidanku za su iya riƙe ki na ɗan lokaci, kuma burinki ki zama nas da za a riƙa kira idan abu ya rikice, ki sa ƙarfinki a kan jiha, ki nemi ɗakin yara ko na haihuwa ko sashen gaggawa, kina sa ido kan sanarwar tarayya. Wannan shi ne zaɓina ga mafi yawan masu tambayata.

Idan digiri gare ki, ki fara da neman horon shekara ɗaya a asibitin koyarwa, ko ba a Katsina ba, ko Kano ce ko Zariya ko Sakkwato.

Idan ke ce ake jira a gida, mahaifi ya rasu ko ƙanne na makaranta, ki nemi ƙungiyar agaji ba tare da jin kunya ba, amma ki rayu kamar mai albashin jiha, ki ajiye ragowar, takardar neman aikin gwamnati kuma tana kan layi.

Idan ranki na Saudiyya ko Ingila, ki zaɓi babban asibiti mai gadaje da yawa wanda zai amsa wasiƙar tantancewa idan an aiko, ki yi shekara 2 cikakku a sashe ɗaya sananne, kina karatun Turanci a ranakun hutu.

Idan aure ko reno ya ɗaure ki a garinku, Mashi ce ko Ingawa ko Baure, asibitin mazaɓa ko babban asibitin ƙaramar hukumar ya fi miki zama haka nan, da sharaɗin akwai babba a wurin. Idan babu, ki roƙi a bar ki ki yi wata 6 a asibiti mafi kusa kafin ki karɓi makulli.

Wadda kuma babu abin da ya buɗe mata sai asibitin kuɗi, ta shiga a matsayin mai jiran mota, da sharuɗɗan nan 4 a hannu. Nan ɗiyar wana ta faɗa. Ranar Litinin muka je tare, na gaisa da mai wurin, na roƙi a buɗe mini kabad ɗin gaggawa, na tambayi wa ke kwana. Ya ce takardar ɗauka sai ta yi wata 3. Na ce to ita ma sai bayan wata 3 za ta fara aikin dare. Ya yi shiru, ya kira akawunsa ya buga takardar. Daga nan muka biya aka yi mata gwajin ciwon hanta da allurar rigakafinsa ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, sannan muka wuce sakatariyar ƙaramar hukuma karɓo takardar shaidar zama 'yar jiha, don ranar da hukumar asibitoci ta buɗe ɗauka fayil ɗinta ya kasance a haɗe.